Bakin Tasa

Shekara talatin da ɗaya ina murza sitiyari,
Ngaundare zuwa Kusiri, auduga, siminti, buhunan albasa,
ban taɓa kwantar da mota a rami ba.
Yau ga ni a tsakar gida a Yelwa,
an aza mini tasa a tafin hagu,
wai in koyi zagaya bakinta da guntun itace.

Jebba ce ta kawo ta, mai gashin ƙashi a asibitin Garwa,
wadda ke lanƙwasa mini yatsu kowace Talata
tun ranar da hannun dama ya daina jin maganata.
Wani likita ne ya bar mata da zai koma ƙasarsu.
Tagulla ce, ba ta kai kwanon sha girma ba,
duk jikinta sawun guduma.
Ta ce, "Baba Tanimu, ba riƙe ta ake yi ba.
Buɗe tafi, bar ta ta zauna.
Yatsa ɗaya ya taɓa cikinta, ta yi gum."

Na ce to.
Na ƙwanƙwasa, kaji suka watse.
Na zagaya, sai ƙarr, ƙarr,
kamar giyar da aka sa ba a taka kuloci ba.
In na danna, itacen ya yi tsalle.
In na sassauta, ya zame.
Hajjo ta leƙo daga madafa:
"In ka gama da ita, miƙo in zuba daddawa."

Dija, jikata, ko famfara ba ta gama ba,
ta dawo makaranta, ta ɗauka tana tauna gyaɗa.
Zagaye uku, tasar ta buɗe baki.
Na ji amon har cikin turamen haƙorana.
Ban kula yarinyar ba sai bayan magariba.
Allah Ya yafe mini.

Mako uku a haka.
Zafin bazara, darbejiya ko motsi ba ta yi,
gumi na bin gwiwar hannu yana ɗiga a tabarma.
Jebba ta zo, ta tsaya tana kallo, jaka a kafaɗa,
ta ce, "Gudu kake yi. Wa ke jiran kayan?"

Daren Alhamis aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, rediyon maƙwabta ya mutu.
Na zauna a duhu, sai gangaren dutsen Ngaundare ya faɗo mini:
tan talatin a bayanka,
ƙaramar giya,
ƙafa a kan birki, ba ka taka ba, ba ka ɗaga ba,
kwana bayan kwana,
yaron mota ya yi tsit yana ƙirga motocin da suka faɗa.
Wannan na sani.
Na jingina itacen a gefen tasa,
na juya daga kafaɗa, na ƙyale wuyan hannu.
Ɗaya. Biyu. Babu komai sai shafa.
Biyar. Shida.

Ba daga tasar na fara ji ba.
Kamar gingimari ce can kan gadar Binuwai
da kake ji a ƙirji kafin ka ga fitila.
Ta taso, ta cika tafina da tsuma,
ta hau zuwa gwiwa,
ta shiga yatsun nan uku da ba su san zafin shayi ba tun bara.

Murna ta sa na ƙara wuta.
Ƙarr.
Ta tafi.

Na zauna har amon ya ƙare,
ya daɗe bai ƙare ba.
Daga ɗaki Hajjo ta ce, "Dija ce?"
Na ce, "Dija na barci."

Har yanzu ban iya ɓalla maɓallin wuyan rigata ba.
Cikin gwaji goma, huɗu take amsawa.
Amma jiya da na ɗauko ta bayan la'asar
Hajjo na daka yaji,
na ji taɓarya ta tsaya.