Kwana Uku a Bakin Teku

Sorcha ce ta biya kuɗin, ba ni ba.
Ta turo tikiti da ɗan gajeren saƙo:
"Baba, je ka huta, ban da gardama."
Shekara ashirin da shida ina jan bas ɗin dare a Dublin,
baya ya sandare, ido ya bushe,
tun da mahaifiyarta ta rasu barci ya yi mini yaji.

Na sauka garin a tsakiyar hunturu,
ƙarfe huɗu da rabi rana ta riga ta shige.
Kwale-kwale a kife kan yashi kamar ƙoren da aka wanke,
shagunan baƙi duk a garƙame,
sai wani ƙyalle da iska ke mari a bakin titi:
Bikin Lafiyar Jiki da Kwanciyar Rai.
Na ce a zuci, ashe kwanciyar rai ma ta yi farashi.

Ranar farko wani saurayi, Cathal, mai murya kamar auduga,
ya jera mu kan tabarmin roba
wai zai koya mana numfashi.
Ni da nake numfashi tun kafin auren iyayensa!
Shaƙa. Riƙe. Saki.
Na shaƙi ƙarnin kifi da man tausa,
na riƙe dariya, na saki tari.

Sai ɗakin surace, wata gangar katako a bakin ruwa,
mu takwas a ciki muna naso kamar gishiri,
daga nan a guje zuwa teku.
Ruwan ya sare ni a ƙwauri, ya cije ni a ciki,
har na kira kakata da ta mutu ina rarrafe.
Can gefe wata tsohuwa, Nuala, tana fitowa,
ba gaggawa, hular ulu a ka,
bokiti cike da ciyawar teku.
Ta ce, "Nawa kuka biya?"
Na faɗa mata.
Ta ce, "Shekara hamsin ina shiga, ban taɓa ganin rasit ba."

Rana ta biyu guguwa ta taso daga yamma.
Igiyar ruwa ta haura katanga, ta yi awon gaba da gangar,
wuta ta ɗauke, jadawalin biki ya jiƙe a jikin allo.
Aka tattara mu baƙi a zauren masunta,
ga kyandir, ga barguna masu warin gishiri.
Nuala ta ɗora tukunya: kifi, dankali, albasa, madara.
Cathal ya raɓe kusa da ni yana makyarkyata,
ashe tun yana yaro tsawa ke firgita shi.
Na dafa kafaɗarsa na ce, "Shaƙa. Riƙe. Saki."
Ya yi.
Muka yi tare.

Wani masunci, Dermot, ya shiga lissafin jiragen da teku ta ci,
sunan jirgi, sunan mai shi, shekarar,
a hankali, kamar mai ƙirga canji.
Ban san sa'ad da na ambaci Maeve ba.
Na ce ita ma tana son ruwan sanyi,
ni ne mai tsayawa a tudu da tawul.
Ba wanda ya ce in yi haƙuri.
Nuala dai ta ƙara mini romo.

A kan benci barci ya sace ni, da takalmi a ƙafa,
awa goma sha ɗaya cur.
Sun ce minsharina ya danne guguwar.

Da safe teku ta yi lamo kamar ba ita ba.
Muka bi yashi muna tsintar katakon gangar ɗaya-ɗaya.
Waya ta yi ƙara.
"Baba, yaya bikin?"
Na ce, "An soke shi."
Ta ce, "Kash, kuɗina!"
Na ce, "Kama mini ɗaki na baɗi.
Nuala ta ce in zo da bokitina."