Kuɗin Akwatin Tanimun

Cima ta sauke akwatin ƙarfe a bakin rumfata,
Kasuwar Dole, bayan azahar, kuran ya tafi.
Ta ce, "Bra, malamin gado ya ƙirga gidan Zango,
ya ƙirga moto da tumaki biyu,
da ya iso nan sai ya nannaɗe tasbaharsa.
Wai abin da ba a san kuɗinsa ba
ba ya rabuwa gida takwas."

Na buɗe.
Warin tsohuwar roba da kashin ɓera.
Na'ura uku, ɗaya ta ja kamar haƙorin mai goro,
manet huɗu da igiyoyinsu suka sarƙe
tamkar saiwar gawo,
sai kaset, kaset, kaset,
arba'in da uku, har da wanda gara ta lasa.

Ni mai gyaran rediyo ne.
Na san kuɗin abin da ke magana,
ban san na abin da ya yi shiru shekara ashirin ba.

Yaron shagona ya laluba waya, ya zaro ido:
wai a can ƙetare
ɗaya mai kwalinsa, da takardarsa ba lanƙwasa,
ya fi ragon layya.
To ina kwali? Tanimun ya hura wuta da su
tun shekarar da shayi ya yi tsada.
Mai awon ƙarfe kuma ya leƙo, ya ɗaga da hannu ɗaya,
ya ce kilo shida, roba ce, ba ya so.
Tsakanin rago da ba-na-so
aka bar ni da biro.

Na ware su kashi-kashi a kan tabarma.
Mai hoto garau, jika biyu.
Mai hoton da yatsun yara suka cinye, jika guda.
Wanda tsatsa ta kama wa haƙora, Allah ya jiƙansa.
Kowanne na hura masa iska a baki
yadda muke yi dā,
ko da yake yau na san yawu ke kashe su.

La'asar sakaliya kuran ya dawo.
Na jona tsohuwar tele, na danna na goma sha bakwai.
Ta yi tari, ta yi ruwan ƙudaje,
sai ga kiɗan nan, siriri kamar kukan sauro,
sai ga allon gwanaye.
Ƴar pil ɗin cikinsa ba ta mutu ba.
Mai ita ya riga ta.

A saman allo, haruffa uku: BRA.

Zauren Tanimun ya faɗo mini gaba ɗaya:
benci mai ƙusa, zufa, mu goma a kan allo ɗaya,
dala biyar wasa guda,
kuɗin da aka ba ni in sayo ruwan garwa
lokacin da famfon Birni ya yi sati bai ɗiga ba.
Ranar da ba ni da ko dala
sai ya ja layi da gawayi a bango,
ya ce, "Sa'ad da ka girma."
Layi tara. Na ƙirga su a lokacin, ban manta ba.
Na girma. Bangon an shafe shi da siminti.

Cima ta ce, "Nawa?"
Magariba na matsowa, tana da tuwo a wuta.

Na rubuta: jika sittin da biyar, in an yi haƙuri
a jira mai so daga Yamai.
Jika ashirin, in yau ake so.
Ƙasa da wannan na ƙara layi:
bashin Bra, dala arba'in da biyar.

Ta karanta, ta dube ni, ba ta tambaya ba.
Na zuba mata tsabar a tafin hannu.

Na goma sha bakwai ɗin kuwa
na sa masa jika biyu kamar sauran.
Hannuna ya so ya rage, don in saya.
Ya so ya ƙara, don kada kowa ya saya.
Na mayar da shi akwati
yana da sauran ɗumi.