Mai Sunan Malam

Tun daren Laraba na jiƙa gero.
Na ce wa Basiru mai tasi ya kwana da mai a tanki,
da asuba za mu filin jirgi
kafin hanyar Agege ta shaƙe.
Lantana na tafe daga Nima ta ƙasar Gana
da yaron da ban taɓa goyawa ba.
Wata goma sha ɗaya, haƙori huɗu,
duk a waya na ƙirga su.

Ina cikin ɓare goro rediyo ya ce
daga sha biyun dare an ja ƙofa.
Ɗan ƙasa ya shigo, a killace shi mako biyu,
baƙo ya dakata sai annoba ta lafa.
Na ce Allah ya kyauta wa baƙi,
na yayyafa wa goro ruwa, na rufe da ganye.
Ashe da gidana ake.

Bayan isha waya ta yi ƙara.
Inna, ni an ce in wuce.
Shi kuwa fasfon ƙasar ubansa gare shi.
Sun ce yana da haƙƙi ta wajena, a nemo takarda,
ofishin takardar kuma da kwaɗo a ƙofa.

Baƙo!
Yaron da aka raɗa wa sunan Malam,
sunan da na yi shekara arba'in ban furta ba don kunya,
yau wani mai hula da tambari
ya karanta shi gatsau, ya girgiza kai.
Malam na kwance a maƙabartar Agege.
A je a tambayi ƙasar da ta rufe shi
ko ba ta san sunan ba.

Kakana da ƙafa ya je Gwanja,
shi da jakai tara da wani bawan Allah mai tari.
Kogi kaɗai ya taɓa tsayar da su,
shi ma da ya janye suka haye.

Amma ba zan zagi mai tsaron ƙofa ba.
Ina ganin Iya Risi ta ɗakin gaba,
'yarta Morenike na jinyar masu cutar a Yaba,
kwana ashirin ke nan ba ta taka gidan nan ba.
Uwar kan kai mata tuwo bakin waya,
ta ajiye, ta ja da baya taku goma,
su gaisa da ido.
Ita tata tana nan cikin gari, mota ɗaya ce tsakani,
ba ta fi ni taɓa ta ba.
Na san rigakafi ya fi magani.
Ba a dai faɗa mini shi ma da ɗacinsa ba.

Na ce, Lantana, kada ki kuskura ki baro shi.
Ta ce, Inna, da ma ban tambaya ba.

Da can jirage ke katse mana hira a tsakar gida,
mu yi shiru da magana a baki har su wuce.
Yanzu sai in zuba wa sama ido tun hantsi,
daga shirwa sai hadarin da ke tasowa daga teku.

Geron ya yi tsami, na dama koko,
yaran layi suka shanye.
Basiru ya zo karɓar kuɗin mai, na ba shi rabi,
ya ce rabin ya zauna sai ranar.

Jiya angon nawa ya taka, taku uku,
ya faɗo kan wayar, ya sa ta a baki.
Na ga duhu, na ga dasashi, na ga haƙori na biyar.
Takalman da na saya masa a Oshodi
suna kan akwati cikin ledarsu.
Na sa Lantana ta auna ƙafar da zare,
ta ce ta kai tsawon ɗan yatsanta har da ɗoriya.
Na auna nawa a tafin takalmin.
Saura kaɗan.