Ɗan Mahauci da Takardar Aljihu

Ubana mahauci ne, kakana ma haka.
Na taso ina auna girman biki
da yawan ƙashin da aka bari a faranti.
Sai ga ni a birnin Hue, ruwa na zuba tun asuba,
yunwa na murɗa hanjina,
ga nama rataye a kowace rumfa,
ni kuwa ban san hannun da ya yanka ba.

Khoa, yaron masauki, ya rubuta mini kalma uku
a bayan rasidin wanki.
Ya ce, "Ka nuna kawai, kada ka gwada faɗa."
Na ninke ta huɗu, na sa a aljihu kamar laya.

Mai tukunyar farko ta karanta, ta girgiza kai,
ta zura ludayi har ƙasa
ta ɗago mini ƙashin da ke kwance cikin romo.
Gaskiyarta ta ci mata ciniki, ba ta damu ba.
Ta ƙwala wa jikarta kira,
yarinyar ta ja ni lungu biyu,
bayan ɗakin ibadarsu mai jan rufi,
inda tsohuwa Diep ke fifita gawayi
a kan kujerar da ba ta kai tsayin turmi ba.

Ashe sha biyar ga watansu ne,
da yawa sun ajiye nama don ganin damarsu.
Ɗan acaɓa, malamar makaranta,
wani ɗan sanda da hularsa a cinya,
gwiwa na gogar gwiwa a ƙarƙashin leda mai yoyo.

Aka dire mini kwano:
taliyar shinkafa, citta, gyaɗa dakakkiya,
naman kaza, wanda kaza ba ta san da zamansa ba,
sai wani abu mai kusurwa huɗu yana iyo.
Na gatsa. Awara!
Na ƙetare teku da kuɗin jirgi
don in gaishe da abin da nake rainawa a ƙofar gida.

Tsinke biyun nan suka ƙi ni ƙiri-ƙiri.
Diep ta turo cokali tana kallon wani wajen,
don kada kunya ta riga ni cin abincin.

Ba ko'ina aka dace ba.
A Penang, gidan abinci mai sanyin na'ura,
an kawo mini agwagwar da aka ƙera da alkama,
har da fata, har da zanen tsoka.
Ɗan mahauci ake yi wa rufa-ido?
Na biya kuɗin kwano shida, na fita da yunwata,
na huce a kan soyayyiyar ayaba a bakin titi.

A Madurai kuwa babu faranti.
Ganyen ayaba aka shimfiɗa, aka yayyafa ruwa,
Pandiyan ya zo da bokiti, ƙafa ba takalmi,
ya zuba miyar tsamiya a kan tudun shinkafa,
ga 'ya'yan zogale tsaye a ciki kamar sun san ni.
Nan hannuna ya dawo hayyacinsa.
Ya ƙara, na ce ya isa, ya ƙara.
Da na gama na ninke ganyen ya ba ni baya,
wani dattijo ya kama wuyan hannuna
ya mayar da ninkin ta wajen ƙirjina:
haka mai godiya ke yi a nan.

Ban tuba daga tsire ba, kada a kai wa ubana ƙarya.
Amma takardar Khoa ta sha ruwa, ta sha mai,
tawadar ta gudu, ninkin ya yage,
kuma har yau tana cikin fasfo ɗina,
tana warin gawayin Diep.