Tanderu na Uku

Ƙarfe biyun dare a Sendai.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin titi,
ni da tanderu na uku kaɗai muke numfashi.

Da yamma na zura masa 'yar leda
mai launin zuma, ko kaurin ɓawon albasa ba ta kai ba.
Na kore iskar ɗaki, na sako argon,
don kada wuta ta sami abin lasa.
A nan ba a ƙonawa. Gashi ake, babu harshe.

A digiri ɗari shida ta soma sallamar baƙi:
ruwa ya fita, hayaƙi ya bi sawu,
ta tsuke, ta yi baƙi ƙirin,
saura kabon, maigidan da ba ya ƙaura.
A dubu, ƙwayoyinsa suka kama hannun juna
shida-shida, kamar saƙar zuma,
amma a watse, kowane gungu da inda ya fuskanta.

Bara Chisato ta gaji da jira,
jirgin ƙarshe na shirin barin tasha,
ta murɗa zafi gaba ɗaya.
Da safe muka tarar da leda duk bororo,
iskar da ta rasa ƙofa ta fasa bango.
Tsoho Kuwabara bai yi faɗa ba.
Ya miƙa mata shayi, ya ce:
digiri biyu a minti, 'yata.
Sauri ya haifi nawa.

Ya yi ritaya a bazara. Ya bar mini littafinsa
da tabon kofi a shafi na tara,
inda ya liƙa hotuna biyu daga madubin lantarki.
Leda biyu, wuta ɗaya, dubu biyu da ɗari takwas.
Ta farko ta kwanta shimfiɗa kan shimfiɗa,
sumul, kamar takardun da aka danne da dutse.
Ta biyu ta cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta samu,
ta ƙi miƙewa, ta rufe ramukanta ta yi shiru.
A ƙasa ya rubuta da fensir:
wuta ba ta koya wa kowa sabon hali,
wanda ya zo da shi take nunarwa.

Ban san wacce ke ciki yau ba.
Allura na hawa a hankali.
Sai jibi zai huce, sannan in buɗe.
Na zuba shayi, na ja kujera kusa da ɗumi.