Makullin da Ke Wuyana

A tashar motar Garwa, bayan rumfar masu shayi,
akwai wata ƙofa mai shuɗin fenti.
Ni ce a bakinta tun kiran assalatu,
tiren canji a cinya, makulli a wuya.

Kafin mu zo, wurin nan
ko akuya sai ta kauce.
Sau uku masai ya toshe a damina guda.
Mai kwasa ya zura sanda, ya ɗago
tsumma, leda, audugar mata duk ta kumbura,
ya tofar da yawu, ya ninka kuɗinsa,
ya ce matan garin nan ba su da kunya.
Kunya kuwa ita ta cika ramin.

Mu uku ne: ni, da Asta mai kifin Binuwai,
da Inna Dudu maginiyar tukwane.
Adashin wata bakwai muka zuba.
Sau tara muna sintiri ofishin magajin gari.
Ran na tara magatakarda ya ce,
wai me za ku tara a durom ɗin?
Asta ta kira abin da sunansa.
Biro ya suɓuce masa.
Ya sa hannu, bai ƙara ɗago kai ba.

Muka wanke, muka shafe, muka kafa durom da murfi.
Mako biyu, durom fayau.
Sai wata tsohuwa mai jiran motar Marwa
ta ja ni gefe, buta a hannu:
'Yar nan, jinin mace ba a barinsa a sarari.
Kin san hannun da zai bi dare ya ɗauka,
ya kai inda za a ɗaure mata mahaifa?
Na buɗe baki zan yi musu,
sai na tuna uwata a gindin darbejiya,
tana tona rami da cokali, ranar da babu farin wata.
Na rufe bakina, na tafi na sayo kwaɗo.

Mai walda ya yanka wa murfin baki siriri,
abu ya shiga, hannu ba ya bi.
Washegari na girgiza durom, na ji nauyi.

Dala biyar shiga.
Dala goma, har da sabulu da auduga guda
a naɗe cikin takarda, ba mai ganin me kika saya.
Ranar da famfo ya ƙafe
mai kura ke shanye ribar da jarka,
mu tashi da gumi da ciwon baya.
Matan masai ake kiranmu a unguwa.
Na ji. Da kuɗin na biya wa Buba makaranta,
na sansana rasit ɗin, takarda kawai yake wari.

Wata Laraba wata ɗaliba ta zo
tana tafiya da baya-baya,
jakar littattafai manne a mazaunai.
Ko dala babu a hannunta.
Na kwance zanen goyona na miƙa mata,
na ce ki kawo gobe.
Gobe ba ta zo ba, jibi ma haka.
Sai bayan wata uku, ga zane a goge,
ga ƙawaye huɗu a bayanta suna leƙen ƙofa.

In an sallame isha'i, motar Ngaundere ta tashi,
mukan turo durom bayan katanga
inda Inna Dudu ta gina tanderun yumɓu
mai dogon wuya, ya fi rufin tasha.
Ni ke buɗe kwaɗo. Ba ma dubawa, ba ma ƙirgawa.
Asta ta ƙyasta ashana,
mu tsaya har sai ya zama toka,
don mun ce za mu tsaya.

Sannan in wanke hannu har gwiwa, sau biyu,
in mayar da makulli cikin riga.
Da ɗuminsa yake kwana a ƙirjina.