Direban Da Ya Makara

Jiya da dare kwamfutar ta sabunta kanta,
ba ta yi shawara da kowa ba.
Yau Talata, kasuwar Mafara ta fara ci,
na buɗe shago, na jona kyamara,
ta ce ba ta san ta ba.

Shekara uku suna zaune a tebur ɗaya.
Fuska dubu nawa suka miƙa wa juna?
Ga shi yanzu ɗan alwatika rawaya a gefen allo,
da rubutu ƙarƙashinsa: baƙon abu, ba a gane shi ba.

Na zare waya na mayar.
Na sauya mata kafa, ta hagu, ta dama,
har ta bayan nan da gizo ya yi wa saƙa.
Na hura bakin kebur kamar mai fifita kunu.
Na kashe, na kunna, na kashe.
Janareta na can yana shan man
da na ci bashi wurin Ɗan'ige.

Benci ya cika da masu hoton rajista.
A gaba Baba Labbo, tun asuba daga ƙauye,
da sabuwar hula wadda ba ta gama sanin kansa ba.
Ya ce, "Sirajo, mi ya hwaru?"
Na ce, "Baba, direba ne ya ƙi aiki."
Ya dubi titi, ya dube ni.
"In direba na, ai ɗiyana Mande na tasha,
shekara goma yana jan Gusau, bai taɓa buge ko akuya ba.
A kira shi?"

Benci ya yi dariya. Ni ban samu yi ba.
Ta yaya zan ce masa wannan direban ba ya da ƙafa,
tafinta ne kawai tsakanin ido da ƙwaƙwalwa,
ya kwana yana jin harshe, ya tashi kurma?

Kyamarar ma ba ta kanti ba ce.
Wani injiniya ya harhaɗa min ita a Kano,
ya sa mata zoben fitila da gidan roba,
lambarsa kuma ta daina shiga tun bara.
Sunan da ke jikinta dabam, abin da ke cikinta dabam.
Na sa sukudireba na buɗe mata ciki,
na haska tocila, na kwafi lambar ƙwayarta a tafin hannu,
gumi ya cinye min biyun ƙarshe.

Na sauke na farko, data ta tafi rabi:
na talatin da biyu ne, tawa sittin da huɗu take ci.
Na biyu ya hau, kwamfuta ta ce ba shi da sa hannu,
kamar takardar filin da ba ta bi ta wurin mai unguwa ba.
Na uku ya shuɗar da allo gaba ɗaya.
Wata mata ta saɓa goyonta ta tafi sayen gishiri.

Sai bayan azahar, ƙarƙashin tsofaffin rasit,
na ci karo da faifan da ya zo da ita,
duk ya karce, da shatin kofin shayi a bayansa.
Na kori sabon, na dawo da tsohon,
na hana ta sake sabunta kanta ba izini.

Fitilar ta kyafta.
Ga Baba Labbo a allo, kore shar, kansa a ƙasa.
Na juya shi, na rage masa ganye.
Ya gyara hula, ya haɗe fuska irin ta masu hoto.
"Direban ya iso?"
Na ce ya iso, Baba.
"To ka hwaɗa mishi ya bar makara.
Mutane na da gona."